Tabilet ɗin da Kika Aiko wa Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ƙanwarki, mai yawa, irin wadda takarda ba za ta iya ɗauke ta duka ba. Ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaranmu. Allah ya ba ki ƙarfin jiki a kan aikin jinyar nan da ke cinye miki yini da ƙafafu, ya sa albarka a abin da kike samu, ya kuma tsare ku a inda ba ku da kowa sai shi. Mu ma nan mun gode masa, muna tashi muna kwanciya, ba wanda yake gadon asibiti.

Labarin gida kuwa, gwiwar Mama tana nan yadda kika san ta. Ranar da ta ga dama ta bar ta ta yi shara, ranar da ba ta ga dama ba sai zaman kujera da ba da umarni. Man shafawar da kika aiko ta ce yana yi mata aiki, amma ta ɓoye shi a ƙasan akwati tana lakata kamar turare, wai kada ya ƙare kafin ki zo. Famfon kicin da ya yi ta ɗiga tun kina nan an gyara shi, yanzu na banɗaki ne ya karɓi aikin. Kawu ya zo ya yi mana kwanaki, ya gyara ƙofar falo ba wanda ya sa shi, tun daga ranar ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Ni kuma ina nan da makaranta, an ƙara mini aji, muryata ta dishe har Mama tana cewa idan na yi sallama sai ta ɗauka mai gyaran famfo ne ya dawo.

Yaya, ba don waɗannan na ɗauki biro ba. Duk kiran da za ki yi sai kin tambaye ni ko tabilet ɗin da kika aiko ta maye wa Baba gurbin laftof ɗinsa, ni kuma sai in ce ana nan ana sabawa. Ba yadda zan yi in faɗi fiye da haka. Kin san gidan nan, idan aka yi magana a falo na tsakar gida ma yana ji, kuma Baba yana zaune kusa da ni yana miƙa wuya don ya ga jikokinsa. Shi ya sa da na ji abokiyar aikinki da ta zo ganin gida za ta koma, na ce bari in rubuta miki a tsanake in ba ta ta kawo miki hannu da hannu. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, kada ki karanta shi a tsaye tsakanin majinyaci da majinyaci.

Kin tuna yadda laftof ɗin ta mutu. Yana saukowa daga benen maɗaba'a ta kuɓuce masa ta faɗi a kan matakala, ya dawo gida ya ce mana igiyar jakar ce ta tsinke. Muka kai ta wurin mai gyaran nan na bakin titi da Baba ke kira Injiniya, ya buɗe cikinta ya ce ta gama yawo, sai dai ya kwashe mana ayyukan da ke ciki ya zuba a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a ajiye aiki a ciki. Ranar Baba ya dawo da ita a rungume kamar wanda ya ɗauko jinjiri daga asibiti, ya ajiye ta a saman kabad, har yau tana can da zanen da Mama ta lulluɓa mata. Ke kuma da kika ji, ba ki yi ƙasa a gwiwa ba. Kika ce a wurinku mutane da yawa sun bar laftof sun koma tabilet, ba nauyi, cajinta yana daɗewa, kuma Baba ba zai ƙara hawa bene da kaya a kafaɗa ba. Wallahi nima haka na gani, har na taya ki lallashinsa.

Ranar da tabilet ɗin ta iso, gidan nan ya yi kyau. Mama ta juya ta gaba da baya ta ce wannan ai tiren shayi ne, ta tambaya ina sauran kwamfutar, ko an manta da shi a hanya. Baba ya yi dariya har da share ido. Ya sa tabarau ya zauna, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce abin nan yana amsawa tun kafin a gama kiransa, da mu ma haka muke da ya huta. Kwanakin farko sai yabo. Yana karanta labarai, yana buɗa rubutu da yatsu biyu ya yi girma yadda yake so, yana kallon yaranki fuska cike da gilashi. Kin kuma san shi ba mai tsoron sabon abu ba ne. Mutumin da ya fara aikin maɗaba'a tun ana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu, da kwamfuta ta shigo abokan aikinsa suka ce ba za su koma ɗaliban makaranta da furfura ba, shi ya zauna ya koya har ya zama shi ake kawo wa littafin da ya gagari kowa. Don haka ban yi zaton wani abu zai ba shi wahala a nan ba.

Wahala ta fara ne ranar da ya ce bari ya koma bakin aiki. Manhajar da ya saba tsara shafuka da ita tun muna makaranta ba ta hawa tabilet. Injiniya ya saka masa wata ya ce kusan ɗaya suke, Baba ya ce kusan ɗaya ne kamar yadda wuƙar kicin da almakashin tela suke kusan ɗaya. Filas ɗin da ayyukansa ke ciki ba shi da inda zai shiga, sai da na je na nemo wani ɗan mahaɗi. Da ya shiga kuma, tsofaffin ayyukan suka buɗe a hargitse, salon haruffan da ya zaɓa ya sauya, layuka sun zame daga shafi zuwa shafi, haruffanmu masu lanƙwasa sun koma ƙananan akwatuna. Firintar maɗaba'a ta ƙi ganin tabilet ɗin sam, sai ya aika wa wani ya buɗe a tasa kwamfutar, can ma abin ya sake zamewa. Shi da ya saba buɗe rubutun marubuci a gefe ɗaya da shafin da yake tsarawa a ɗaya gefen, yanzu ko dai su matse juna har ba ya ganin komai, ko ya yi ta fita daga wannan yana shiga wancan. Kibod ɗin da ke jikin murfinta kuma ƙarami ne, yatsun Baba kin san su. Idan ya ajiye kibod ya koma rubutu a gilashi, harafi mai lanƙwasa sai an danne yatsa an jira sannan a ja shi gefe a hankali. Nan ne na fara jin tsaki daga ɗakinsa, abin da ban taɓa ji ba tun da na yi wayo.

Ana cikin haka Ƙaramin Maigida, ɗan marigayi mai maɗaba'ar da yanzu yake riƙe da wurin, ya kawo masa littafin lissafi na yara, ana son a gama kafin a shiga sabon zangon karatu. Irin aikin da ba a ba kowa sai Baba, domin cike yake da jadawali da zane, da lambobin nan na sama da ƙasa da ɗan layi a tsakaninsu, waɗanda idan ɗaya ta gota kaɗan yaro ya koyi ƙarya. Baba ya karɓa da murna. Ya ja teburinsa kusa da taga, ya jingina tabilet ɗin da ƙamus, yana zama tun bayan karin kumallo har rana ta juya. Idan na dawo daga makaranta sai in tarar da shi a shafin da na bar shi da safe. In tambaye shi, ya ce ya gama shafin har sau uku, abin ne yake rushewa da kansa. Ya ce yana jan layi zuwa dama sai ya ga ya tafi ƙasa, yana son ya zaɓi lamba ɗaya sai shafin duka ya yi shuɗi, ya taɓa sau ɗaya ita ta lissafa biyu. Ya ce wannan abin an yi shi ne don mai kallo, ba don mai yi ba. Ni kuwa na yarda da shi ɗari bisa ɗari, har na ji haushinki a raina, Allah ya yafe mini, na ce kin aiko masa da abin wasan yara.

Da kwafin gwaji ya fito, Ƙaramin Maigida bai aiko kowa ba, da kansa ya zo gidan. Ya durƙusa ya gaida Mama, ya zauna a ƙasa kusa da kujerar Baba duk da an ba shi kujera. Ina jin su daga kicin. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, yana tuna yadda Baba ke ɗora shi a kan tarin takardu yana yaro, kafin ya buɗe kwafin. Ya ce lokaci ya ƙure, masu littafin sun matsa, yana neman izini ya ba wani ya ƙarasa, kuma da zarar an samu laftof aikin Baba yana nan yana jiransa. Baba ya karɓi kwafin ya duba shafi biyu ko uku. Na leƙo na ga lambobin da suka hau kan juna tun daga inda nake tsaye. Bai kare kansa ba, bai ambaci tabilet ba. Ya ce gaskiya ne, shi ma da wani ne ya kawo masa wannan da ya mayar masa. Ya raka baƙon har bakin ƙofa, ya dawo ya shiga ɗaki, abincin rana ya huce a rufe.

Washegari ne na zauna kusa da shi na ce ya nuna mini yadda abin yake rushewa, don in san abin da zan faɗa wa Injiniya. Yaya, maimakon in kalli gilashin, sai idona ya sauka a kan hannunsa. Hannun dama yana kan cinyarsa yana rawa, ba mai yawa ba, babban yatsa da manuni suna murza juna kamar yana murza zare. Da ya ɗaga shi zai taɓa gilashin sai rawar ta ɗan lafa, amma yatsan ya yi nauyi, ya sauka gefen inda aka aike shi, ya sake ɗan tsalle ya taɓa na biyu. Tabilet ɗin ba ƙarya take yi ba, abin da hannun ya yi shi take rubutawa. Da ya lura ina kallo sai ya tura hannun ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai, ya ce in je in duba ko Mama tana kira, alhali ba wanda ya kira ni.

Na sami Mama a kicin na tambaye ta. Ba ta juyo ba, ta ci gaba da yankan albasa, ta ce sai yau na gani. Ta ce in tuna tun yaushe take zuba masa shayi rabin kofi, in tuna tun yaushe rigunansa masu maɓalli suka koma ƙasan kaya, in tuna ko na ƙara ganin ya yanke farcensa da kansa. Ta ce jakar laftof ɗin tana rataye a bayan ƙofar ɗakinsu, in je in duba igiyar idan ina so. Na je na duba, igiya lafiyarta lau. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mana ba, ta ce shi bai faɗa mata ba, ita kuma ba za ta riga shi faɗa ba, haka suka zauna tun kafin a haife mu. Ni da nake gidan nan kullum, ina cin abinci kusa da shi, ban ga komai ba sai da tiren shayinki ya nuna mini.

Duk da haka ban cire rai ba. Na ce wataƙila gilashi ne ba ya yafiya, maɓallan laftof kuwa sai an danna su da gaske, kuma hannu yana da inda zai kwanta a kan maus, ɗan abin da ake jan kibiyar kwamfuta da shi. Mataimakin shugaban makarantarmu yana da laftof mai irin manhajar Baba, domin shi ke haɗa mana mujallar ƙarshen shekara. Na roƙe shi ya ara mini ranar hutu. Da na shigo da ita, ki ga Baba. Ya goge teburin da kansa, ya wanke hannu, ya sa hula kamar mai zuwa ofis. Ya buɗe ta ya saka filas, tsofaffin ayyukansa suka fito yadda ya bar su, kowane harafi a mazauninsa. Ya juyo ya kalli Mama ya ce ta ga abin da yake faɗa. Ya ɗora yatsunsa a kan maɓallan, layin farko ya fita da ƙarar nan da muka taso muna ji ta bayan ƙofa, har na ji hawaye yana neman zubo mini.

Layin farko ne kawai. A na biyu haruffa suka fara fitowa bibbiyu, ya goge ya sake, suka sake fitowa. Ya bar rubutu ya kama maus don ya ja ɗan layin nan na tsakanin lambobi ya zaunar da shi. Kibiyar ta yi ta kewaya wurin kamar ƙuda a bakin kofi, ta ƙi sauka. Ya kama wuyan hannun daman da na hagu ya danne, ya kusa samu, ya wuce. Ya gwada da hagu, ya ga ba ta san hanya ba. Ba zan iya faɗa miki tsawon lokacin da ya ɗauka ba, ni dai na san Mama ta tashi ta fita ta kama wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Daga ƙarshe ya sauke hannuwansa ya zauna yana kallon shafin. Sannan ya cire filas ɗin a hankali, ya rufe laftof ɗin, ya shafa bayanta. Ya ce in gode wa mai ita, amma maɓallanta sun cika laushi, maus ɗin kuma na zamani ne mai santsi, tasa ta dā ba haka take ba. Ya ce in an samu irin tasa komai zai daidaita. Na ce haka ne, Baba. Me zan ce?

Asibiti kuwa sai da dabara. Mama ce ta ce gwiwarta ta matsa mata, kuma ba za ta je ba sai ya raka ta, da muka isa ta ce tunda an zo a duba hawan jininsa. Likitan yana ganin hannun ya sa shi ya yi tafiya zuwa bango ya dawo, ya sa shi ya buɗe yatsu ya rufe, ya ba shi biro ya ce ya rubuta jimla ɗaya. Rubutun Baba da ake kawo masa takardun shaida ya rubuta sunaye saboda kyansa, ya fara da girmansa ya ƙare ƙanana kamar tururuwa. Ke da kike jinyar masu irin wannan, na san kin riga kin kira sunan ciwon a ranki tun kafin ki iso nan. Likita ya ce na jijiya ne daga ƙwaƙwalwa, magani yana rage shi yana kuma jinkirta shi, amma ba ya korar sa. Baba bai tambayi ko zai daɗe ba, bai tambayi abin da zai biyo baya ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko hannun zai koma ya iya aikin da ke son daidaito. Likitan, bawan Allah, ya ce kada ya damu, yanzu akwai tabilet da mutum zai yi wa magana ta rubuta masa. Baba ya yi murmushi ya ce yana da ita a gida. Mun gwada wannan ɗin ma don kada a ce ba mu gwada ba. Ya faɗi jimla ɗaya, ta rubuta wani abu da ba yaren kowa ba, kuma ko da ta ji shi, aikin Baba ba faɗin kalmomi ba ne, zaunar da su ne.

Yanzu yana shan maganin. Rawar ta ɗan ragu da safe, zuwa yamma ta dawo. Kullum yana yin wanka ya sa kaya ya tafi maɗaba'a kamar yadda ya saba, sai dai ba ya hawa benen. Akwai benci a ƙasa kusa da injin yankan takarda, nan yake zama, ma'aikata suna wucewa suna gaishe shi. Ƙaramin Maigida yana sauko masa da kwafin gwaji ya duba da ido, kuma idon yana nan, kuskuren da mutum uku suka tsallake shi zai gani. Amma idan ya sa alama da jan biro ba mai iya karanta abin da ya rubuta, sai su karɓa su yi godiya su hau sama, ban san abin da suke yi da shi ba. Ranar da na biya ta wurin na hango shi daga nesa, hannunsa a cikin aljihu, yana kallon takardu suna fita daga inji. Ban ƙarasa ba, na juya ta wata hanyar.

Na ce masa bari in zama hannunsa, shi ya faɗa ni in yi. Mun gwada da yamma a kan tabilet ɗin, da wata ƙaramar takardar sanarwa da maƙwabcinmu mai kanti ya roƙa. Ya tsaya a bayana yana cewa in matsa hagu kaɗan, in matsa ya ce ya yi yawa, in dawo ya ce ban dawo daidai ba. Abin da yake gani ni ba na ganinsa, tazarar da yake magana a kai ba ta kai kaurin gashi ba. Ya miƙo hannu zai nuna mini, yatsan ya taɓa gilashin, duk abin da muka yi ya watse. Ya ɗaga mini murya, Yaya, Baban da ko muna yara sai dai ya kira sunan mutum a hankali. Daga baya ya zo bakin ƙofar ɗakina ya tsaya, ya tambaye ni ko na ci abinci. Mun gama sanarwar, mai kanti ya manna ta yana ta yabo, Baba kuwa idan zai wuce ta gaban kantin kansa yake kawarwa.

To ga amsar tambayarki, tunda kin yi ta da zuciya ɗaya. Ga mai irin aikina tabilet ta isa, ni yanzu a kanta nake shirya darasi, kuma ban rasa komai ba. Ga Mama ta fi isa, ita da ta raina ta yanzu ita ke kwana da ita, ta iya nemo hotunan yaranki ba mai taya ta. Ga aikin Baba kuwa ba ta isa ba, ko da hannunsa lafiya lau ne da sai ya sha wahala da ita, wannan gaskiya ne kuma kada ki bari masu sayarwa su faɗa miki wani abu daban. Sai dai ba laifinki ba ne, ba kuma laifinta ba ne. Da za ki aiko da laftof da ta fi kowace a duniya, abin da na gani ranar hutun nan shi zan sake gani. Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Kullum sai ya tambaye ni ko na faɗa miki maganar laftof. Idan ta zo ya zauna a gabanta ya kasa, ban san abin da zai rage masa ya ɗora wa laifi ba. Idan ba ta zo ba kuma, zai ɗauka 'yarsa ta ji ta share. Na juya abin ta kowace fuska ban ga mafita ba, addu'a ma wani lokaci sai in ɗaga hannu in rasa me zan roƙa, sai in ce Allah ka san abin da ya fi.

Abin da nake roƙonki, idan kin kira kada ki nuna masa kin sani, sai ranar da ya faɗa da bakinsa. Ki rubuto mini abin da ya kamata mu sa ido a kai, da yadda ciwon ke tafiya, ki faɗa mini gaskiya kada ki rufe ni kamar yadda likita ya yi. Idan kuma akwai hanyar da za ki samu hutu ki zo, ki zo, ko ba ki riƙo komai ba. Ni kaɗai ce da su a gidan nan, kuma na fara gajiya irin wadda barci ba ya maganinta.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki daina tsayuwa da yawa kada ki gaji gwiwarta. Tana gaida maigidanki, tana gaida takwararta, ta ce a faɗa mata ta ga haƙorin da ya fita. Kawu da Goggo suna gaisuwa, Goggo ta ce har yanzu tana jiran hoton autan yaranki da aka yi mata alkawari. Ki shafa mini kan yaran duka, ki ce Anti tana kewarsu. Ki gaida abokiyar aikinki da ta ɗauki nauyin kawo wannan, Allah ya saka mata.

Baba ya ga ina rubutu ɗazu, ya tambaya ko ke ce, na ce ke ce. Ya ce in gaishe ki, in ce Allah ya yi miki albarka, tabilet tana nan ana amfani da ita. Ya ce in rubuta miki cewa laftof ɗin da yake so mai kauri ce irin ta dā, mai maɓallai masu tauri da ake jin ƙararsu, kada ki sayi sirarar nan. Na rubuta yana tsaye. Ya juya zai fita, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya. Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce in ƙara miki da cewa kada ki yi gaggawar aikowa, shi ba sauri yake yi ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki